Yadda Inna Ta Koya Mini Girki da Kunne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ƙungiyar mazauna unguwa, malamarmu ta girki wadda ta yi wata uku tana haƙuri da mu, mai gadin wannan zaure wanda ya kashe mana gobara sau biyu bai kai ƙara ba, iyayena mata da ke layin gaba, matan ɗalibai da suka zo tabbatar da abin da aka gaya musu, 'yan uwana ɗalibai, jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana ta yaye maza goma sha huɗu daga ajin koyon girki. Ina godiya ga ƙungiya da ta ba mu ɗaki da murhu. Ina kuma godiya ga 'yan ajinmu da suka zaɓe ni in yi magana a madadinsu, ba don na fi su iya girki ba, sai don na fi su abin kunyar da zan faɗa.

Ni direban bas ne, shekara ashirin da biyu ina kan sitiyari, shekara shida kuma ina zaune ni kaɗai. A cikin shekarun nan shida, babban kantin da ke kusa da garejinmu shi ne uwata, shi ne ubana. In na tashi aiki sai in biya layin firiza, in ɗauki kwalin abinci mai hoton kaza tana sheƙi, in kai gida, in huda ledar da cokali mai yatsu, in jefa a na'urar ɗumama abinci. Minti huɗu, ta yi ƙara, an gama. Tukunyar da ke gidana kuwa, makullai da tsofaffin batura nake ajiyewa a ciki.

Ana haka sai aka yi wa mahaifiyata aikin yanar ido a idon dama. Na hagun ma ya riga ya rufe, an ce sai bayan mako shida za a yi shi. Gidana ne ya fi kusa da asibiti, don haka Inna ta tare a wurina, ido ɗaya da bandeji, ɗayan ba ya ganin komai sai hazo. Yayyena mata suka yi ta kira suna tambaya wa zai dafa mata. Na ce su kwantar da hankalinsu, ai ni da girki mun daɗe tare.

Jama'a, ga abin da na yi, Allah ya yafe mini. Na juye makullai daga tukunya na wanke ta. Kullum in na dawo, sai in rufe ƙofar kicin, in ɗumama kwali biyu, in juye a tukunya, sannan in kama ludayi in yi ta buga gefenta kamar mai aiki. Har tari nake yi, wai hayaƙi ya shige ni. In kawo wa Inna, ta ci, ta ce, "Sannu da aiki, Auta." Ni kuma in ce, "Ai ba komai, Inna," ina share gumin da babu shi.

Mako uku muna haka, sai ranar komawa asibiti ta zo. Likita ta auna jinin Inna, ta sake aunawa, ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce jini ya hau sosai, in bai sauka ba ba za a taɓa idon hagu ba, kuma layin masu jira dogo ne, wanda ya rasa ranarsa sai wata shekarar. Ta tambaya me take ci. Na gyara zama na ce, "Girkin gida, likita. Da hannuna."

Inna ta juyo da bandejinta wajen da muryata take, ta ce, "Likita, yaron nan yana da kirki, amma ƙarya yake yi. Mako uku ban ji ƙanshin albasa a gidansa ba. Abin da nake ji shi ne wani abu ya yi ƙara, sannan shi ya kama dukan tukunya. Na yi shiru ne don na ga yana jin daɗin dukan."

Shugaba, na taɓa yin kuskuren hanya da fasinja sittin a mota, ban ji kunyar da na ji a ɗakin nan ba.

Daga ranar Inna ta sa na kai mata kujera bakin ƙofar kicin. Ba ta ganin tukunya, amma tana jin ta. Sai ta ce, "Man bai yi zafi ba, albasar ba ta yi kuka ba." Ko ta ce, "Rage wuta, shinkafar nan faɗa take yi, ba dahuwa ba." Ranar da na saci jiki na ƙara gishiri, daga inda take ta ce, "Mayar da rabin abin da ke hannunka." Har yau ban san yadda ta ji ba. A wannan kujera na koyi abubuwa uku, su ne kuma nake so in bar muku.

Na farko, maganar aljihu. Kuɗin kwali biyu na yini ɗaya, da shi na sayo wake da dankali da tumatir da albasa da suka kai mu kwana huɗu, har maƙwabcina mai gyaran famfo ya samu kwano. Kazar da ke jikin kwalin nan kuwa, na taɓa zama na neme ta da cokali. Na samu tsoka uku, kowace kamar maɓallin riga. Hoton muke saya, 'yan uwa, abincin kyauta ake haɗa mana da shi.

Na biyu, maganar lafiya. Likita ta ce in juya kwalin in karanta bayansa. Shekara shida ina cin abu, ban taɓa juya shi ba. Na ƙirga abubuwa talatin da ɗaya da aka zuba a ciki, na gane guda bakwai, sauran kuwa sun fi kama da abin da makanikinmu ke zuba wa bas. Gishirin kwali ɗaya ya kusa kai abin da aka yarda Inna ta ci a yini guda, ni kuma biyu nake juye mata, ina karɓar sannu da aiki.

Na uku, maganar lokaci, kuma a nan zan yi wa kanti adalci. Wanda ya yi awa goma a kan sitiyari, ko wadda ta yini a tsaye a wurin aiki, in ya ɗauki kwali ranar da ƙafa ta ƙi, bai yi laifi ba, ni ma akwai guda ɗaya a firizata saboda irin wannan rana. Abin da nake cewa shi ne, kada ranar gajiya ta zama kowace rana. Tukunyar wake ɗaya ta ranar hutu tana tsaya wa mutum kwana uku, kuma minti arba'in ɗin girki da nake ganin asara ne, a cikinsu Inna ta ba ni labarin mahaifina da ban taɓa ji ba, ina yanka albasa, ga kuma dalilin hawaye a shirye.

Da mako shida suka cika, jini ya sauka, aka yi aikin idon hagu a ranarsa. Ranar da aka cire bandeji na dafa mata shinkafa da miya, na ajiye a gabanta ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallon farantin da sababbin idanunta, sannan ta ce, "Auta, ashe haka abincin nan yake a ido? To, ka shiga makaranta." Ta cinye tas, ta nemi ƙari, washegari kuma ta sa aka rubuta sunana a wannan aji. Ga ta can a layin gaba, tana ganina sarai, shi ya sa ban ƙara ko kalma ɗaya a labarin ba.

Roƙonmu ga ƙungiya guda ɗaya ne: kada a rufe wannan aji. A garejinmu kaɗai akwai direbobi tara da ke ajiye makullai a tukunya. A bar mana ɗakin, a bar mana malamar, a ƙara wa mai gadi abin kashe wuta.

Abincin da za a ci yanzu mu muka dafa. Tukunya ta uku daga hagu tawa ce. Kada ku tsaya kallonta, ku dai ci.

Allah ya saka wa malamarmu da alheri, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da haƙuri da mu, ya sa albarka a tukwanenmu, ya ba marar shi abin da zai ɗora a wuta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.