Tiyon da Ke Jiran Wuta

A tashar Muda Lawal, Malam Bappa ya samar wa 'yarsa Ni'ima kujerar gaba a wata ƙaramar bas, don yau ce ranar farko da za ta tafi makaranta Jos ita kaɗai. Sannan ya tare direba.

"Direba, ban ga tukunyar kashe gobara ba."

"Tamu tana jikin inji, Baba. Da kanta take aiki."

"Wa ke danna ta?"

"Ba kowa. Siririn tiyo ne ya zagaye injin. Wuta na taɓa shi sai ya fashe, hoda ta feso ta kashe ta."

Malam Bappa ya ce, "Wato sai abin ya lalace yake aiki?"

"Kusan haka."

"To kawo ashana mu gwada."

"Haba Baba, sau ɗaya take yi. In mun gwada, da me za mu je Jos?"

"Kai ka taɓa ganin ta yi?"

"Allah ya kiyaye in gani."

"To ni ban gane ba. Wai ina ma injin yake?"

Direba ya nuna ƙarƙashin kujerar da Ni'ima ke zaune.

Malam Bappa ya buɗe motar. "Sauko, uwata. Koma baya, bakin ƙofa."