Tsohuwar da Ta Saba Mutuwa

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, wata mata ta zauna kusa da wata dattijuwa.

"Baiwar Allah, lafiya?" in ji dattijuwar.

"Hajiya, tsohuwar da nake kula da ita ce a ciki. Bajamushiya ce, surukar kafilina, maigidan da ya ɗauke ni aiki. Shekara arba'in ta yi tana wasan kwaikwayo a ƙasarsu, a dandali da fim. Ta ce sau ɗari uku ta mutu a gaban jama'a, ana tafa mata."

"A'uzubillahi! Mutuwar ake wa tafi?"

"Satina na farko na tarar da ita a ƙasa, ido a kafe. Na kurma ihu, na rufe ta da zane. Sai ta miƙe tana dariya, wai gwadawa take ko har yanzu ta iya."

"Ni da a ranar zan bar musu aikinsu, halas, an gama!"

"Ai na saba. Duk Juma'a sai ta mutu mini sau ɗaya. In tafa, ta tashi ta rusuna, mu sha shayi."

"To, me ya kawo ku?"

"Ɗazu ta faɗi a kicin. Na ce yau ta fi kullum iyawa, na hau tafi."

Dattijuwar ta dafe ƙirji. "Ke! Yau fa Talata!"

"Ban tuna ba, sai da ta ƙi tashi."

"Kin daɗe kina tafin?"

Matar ta buɗe hannuwanta tana kallo. "Hajiya, har yanzu zafi suke."