Aikin Da Baba Likita Ya Bari A Bakina

Assalamu alaikum.

Kuna ji na? A ɗan sauko mini da abin maganar nan, ya yi mini tsawo. Yawwa, na gode.

Shugaban asibiti, ina gaisuwa. Manyan likitoci da ke zaune a gaba, ban san wanda ya girmi wani a cikinku ba, duk wanda na tsallake ya yafe mini. Hajiya, uwargidan marigayi, uwarmu, ya ƙarin haƙuri? 'Ya'yansa da kuka taho daga nesa, sannunku da hanya, sannunku da rashi. Ɗalibansa, ma'aikata, masu shara, baba mai gadi, da 'yan uwana marasa lafiya da ke can baya, ina gaishe ku duka.

Ni ban yi makaranta ba. Babu takarda a hannuna, ko an ba ni ma sai dai in yi fifita da ita. Hajiya ce ta aiko a kira ni, na ce, "Hajiya, ni wa? A gaban manya?" Ta ce, "Manya za su faɗi lambobin yabon da ya samu. Ke ki zo ki faɗi yadda yake idan ya rufe ƙofa ya zauna da mara lafiya." To ga ni, a madadin mu da muka kwanta a kujerarsa muka buɗe masa baki.

Kun ga na rufe bakina da mayafi ina magana. Ba raini ba ne. Zan gaya muku dalili.

Ina da cikin 'yata babur ya kayar da ni. Allah ya tsare cikin, amma haƙorana na gaba, na sama, a kan kwalta na bar su. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. Dangina suna nesa. Ɗaki ɗaya muke haya, ni da yarinya da bango huɗu. Tun daga ranar na daina zuwa suna, na daina zuwa biki. Idan matan gidan haya suka zauna hira a tsakar gida, ina jin su ta taga, wani lokaci abin dariya ya zo, in yi tawa a cikin filo. Idan maigida ya kira wayar nan ta ganin fuska, sai in juya ta ga yarinya, in ce ga 'yarka tana son ganinka.

Ba don kaina na zo asibitin nan ba. Yarinyar ce ta faɗi ta fasa leɓe, na kawo ta. Ga ta can a cinyar Hajiya. Baba Likita ya duba ta, ya ce ba komai, haƙoranta ƙalau. Sai ya hura safar hannunsa ta roba ta kumbura kamar hantsar saniya, ya ce, "Amaryata, ga sadakinki." Yarinya ta kece da dariya. Tana dariyar sai ta ɗaga hannu ta rufe bakinta ruf.

Ya tsaya. Ya ce, "Amaryata, wa ya koya miki ɓoye waɗannan fararen haƙoran?"

Bai jira amsa ba. Ya juyo ya kalle ni, ni ma hannuna yana kan bakina. Jama'a, ban taɓa lura ba. Ita ba ta taɓa ganin an yi dariya da baki buɗe a ɗakinmu ba. Ta ɗauka haka ake yi.

Ya sa aka fita da ita, ya ja kujerarsa mai taya ya zauna ƙasa da ni. Ya ce, "'Yata, nuna mini." Na ce ina jin kunya. Ya ce, "Ni na fi shekarunki ina leƙa bakin mutane. Na ga na masu kuɗi, na ga na masu mulki. Babu wanda na tarar da zinariya ta tsiro a ciki." Na sauke hannu. Shi ne mutum na farko da na nuna wa.

Na ji waɗanda suka yi magana kafin ni suna ta cewa ya kasance, ya kasance. Ni ma bari in ara in yafa.

Ya kasance mutum ne da ba ya taɓa bakinka sai ya gaya maka abin da zai yi. Ya ce mini akwai dashen haƙori. Na ce, "Dashe kamar na tumatir?" Ya ce, "Kusan haka, sai dai wannan ba a ba shi ruwa." Ya ɗauko wata 'yar ƙusa ya ɗora mini a tafin hannu, ba ta kai gaɓar ɗan yatsa ba. Ya ce ita za a sa a ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa, a bar ta watanni ƙashi ya rungume ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Ya ce yana da ranar da yake yi wa irinmu aiki ɗalibansa suna kallo suna koyo, in na yarda. Na ce, "Baba, ƙarfe a kaina? Idan ya yi tsatsa fa?" Ya yi dariya har tabarau ɗinsa ya zamo. Ya ce, "Wannan ba irin ƙusar kafinta ba ce. Ni zan riga ta lalacewa."

Ashe gaskiya ya faɗa.

Ya kasance mutum ne da bai ji kunyar zama ɗalibi da furfurarsa ba. Ranar da za a auna bakina, na ga ya ɗauko wata sanda mai haske a kai, kamar ƙaton burushi. Ya ce da can wani ƙullu suke cusa wa mutum a baki ya daskare, mutum yana kakarin amai. Yanzu sai dai a zagaya da sandar nan. Yana zagayawa, sai ga bakina yana fitowa a allon kwamfuta, da dasashi da komai, yana juyawa shi kaɗai. Na ce, "Innalillahi, Baba, an cire ne?" Duk ɗakin aka yi dariya.

Amma fa hannunsa bai saba da ita ba. Da yatsa ɗaya yake danna kwamfutar, kamar kaza tana tsince tsaba. Akwai ƙaramar likitar da yake kira Auta, ga ta can ta sunkuyar da kai. Ita ce ke tsaye a bayansa tana cewa, "Baba, ba nan ba, ka goge ne fa!" Ya ce, "To malama, a yi mini afuwa, kada a yi mini bulala." A gabana, a gaban ɗalibai. Wani tsohon abokinsa ya leƙo ya ce, "Kai da tsufanka, me kake nema a wasan yara?" Ya ce masa, "Gemu ba ya hana ilimi. Abin da hannuna ya sani, da ni za a binne shi. Abin da na sa a nan, yaran nan za su tarar."

Ya kasance mutum ne da ke ja da baya don wani ya matso. Ranar da aka sa mini ƙusoshin, shi ya sa ta farko. Sai na ji ya ce, "Auta, karɓi." Ta ce, "Baba, ni?" Ya ce, "Kin zana wurin da kanki a kwamfuta, kin san inda ƙashi yake da kauri. Ina nan bayanki." Ni ina kwance, bakina a mace da allura, ba halin in ce a'a. Sai ya zagayo ya riƙe mini hannu. Babban likita guda, aikinsa a ranar riƙon hannuna. Sauran duk ita ta sa. Ban ji komai ba sai ɗumin tafinsa.

Kuma ya kasance mutum ne mai kaɗaici, ku yafe mini in na yi kuskure. Mai kaɗaici yana gane ɗan uwansa. Wata rana na zo da wuri, na same shi a ofis shi kaɗai, abincin da Hajiya ta zubo masa ya huce a gefe, yana ta zagaya sandar nan a bakin roba yana koyo. Sa'o'insa sun yi ritaya, wasu sun rasu, yara kuma suna jin nauyin zama su ci abinci da shi. Ya ce, "Shigo, 'yata, ki taya ni hira. Wannan bakin ba ya amsawa."

Zuwana na ƙarshe, ya nuna mini haƙoran a allo, an jera su a inda babu. Ya ce, "Kin ga dariyarki nan, mun ajiye miki. Saura ƙashi ya gama aikinsa." Ban sake ganinsa ba. Mai gadi ne ya gaya mini rasuwarsa a bakin ƙofa, ranar da na zo a duba ni.

Hajiya, ke kin san yadda ɗaki yake idan mai shigowa ya daina shigowa. Ba zan ce na san zafinki ba. Amma na san ƙarar shiru, na zauna da ita. Idan gida ya watse, 'ya'ya suka koma inda suka fito, ki aiko a kira ni, zan kawo miki amaryar Baba ta cika miki kunne. Ku kuma 'ya'yansa, kada ku bar ta da waya kawai. Waya ba ta cin abinci da mutum.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tsoro nake ji. Ƙusoshin suna nan a kaina, ina taɓa wurin da harshe. Matan gidanmu suna cewa wanda ya sa su ya mutu, wa zai san hanyarsu, za su ruɓe su hau ƙwaƙwalwa. Da yana nan, da na zo ya yi mini dariya na koma gida da ƙarfina. Yanzu ba wanda zan tambaya. In kalli yarinyar nan in ce, idan na faɗi, wa zai ɗauke ta kafin ubanta ya dawo daga hanya?

Na zo wajen Auta, aka ce tun ranar da ya rasu ba ta shiga ɗakinsa ba. Na same ta a baranda. Ta ce, "Yaya, ban taɓa yin aikin nan ba sai yana bayana." Muka tsaya muna kuka mu biyu, ba mai lallashin wani.

Likita Auta, ki yafe mini da na kira ki a cikin taro. Ba tona miki asiri nake ba, nawa nake tonawa. Ɗago ki kalle ni. Ƙusoshin da ke kaina, ɗaya ce tasa, sauran naki ne, kuma ba wadda ta taɓa yi mini ciwo. Bakina yana cikin kwamfutar nan, ke kika koya wa Baba yadda ake ajiye shi. Ya ce za ku tarar. To ki je ki buɗe ki tarar. In kina tsoro, ni ma ina tsoro, sai mu haɗa namu mu shiga tare. Hajiya ta riƙe mini hannu a madadinsa.

Bari in sauke mayafin nan. Ga shi. Ku kalla, ba komai. Wannan ne aikin da ya bari, ba a gama ba.

Me kika ce? Ban ji ba, ɗaga murya.

Ta ce in zo ranar da Baba ya saba ganinmu. Kun ji, ku ne shaida. Alhamdu lillahi.

Na gode muku da kuka saurari wadda ba ta iya magana ba. Allah ya jiƙan Baba Likita, ya haskaka kabarinsa, ya sa kada ya yi kaɗaici a can. Yadda ya rufa mana asiri, Allah ya rufa masa. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, ya sa albarka a hannun ɗalibansa, ya cire musu rawar hannu. Amin.

Ke kuma da kike can kina yi wa uwarki dariya, na gan ki. Yi abarki. Amma sauke hannun, 'yata. Kin ga nawa a ƙasa yake.