Ashe Yana Jin Hausa

'Yan'uwana na Guéma, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku! Ni ne Iliya magini, haifaffen Djougou.

Tsofaffin cikinku sun san ni da kwat da karabat ɗaure a wuya, ko ana zafin da kare ke zaro harshe. A hannun 'yan mishan na ba da gaskiya, nan Parakou, Allah ya saka musu da alheri. Amma na rungumi Yesu na haɗa har da Faransancinsu. Addu'a sai da Faransanci, na ɗauka shi kaɗai ake ji a sama. Mahaifiyata, Inna, ta ce ɗanta ya koma Bature, ta daina amsa gaisuwata. Abin ya ci mini rai, amma kunya ta ɗaure mini harshe, ban iya ambaton Yesu da Hausa gaban kowa.

Sai aikin gini ya kai ni ƙasar Larabawa, inda na haɗu da Raju, wani mai bi daga Nepal. Ya gayyace ni sujadarsu. Na caɓa ado, na isa ƙofa, sai ga tulin takalma. Kowa zaune a ƙasa, ana kaɗa ganga, ana yabo da harshensu. Ni kaɗai tsaye, ina waige-waigen benci!

Raju ya ce su ma baƙi ne suka kai musu asibiti da makaranta da bishara, har maƙwabta na yi musu gorin bin addinin Turawa. "Sun kawo iri, mun gode," in ji shi. "Amma in ka tsaya cikin rigar baƙo, baƙon za a gani, ba Yesu ba."

Na cire takalmi na durƙusa. Ina buɗe baki sai Hausa ta ɓalle, da hawaye. Haleluya! Ubangiji ya kwance ni!

Da na dawo, na tarar Inna ba lafiya. Na bar takalmi a ƙofa, na zauna bakin tabarmarta, na roƙi izini na yi mata addu'a cikin sunan Yesu da harshen da ta yi mini rarrashi da shi. Ta kira ni da sunan da ta raɗa mini, ta ce, "Iliyasu, ashe yana jin Hausa?"

Ta warke, jama'a! Tana nan kan addininta, amma kullum na gaishe ta sai ta amsa, har ta sa mini albarka.

Godiya ga Yesu! Ku dogara gare shi, ku kira shi da harshen gidanku. Yana ji. Amin!