Minti Huɗun da Aka Yanke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugaban gidan talabijin, shugabar ƙungiyar masu shirya fim, malamanmu, Darakta da ma'aikatansa, Kaka, Baba, sauran dangi da maƙwabta, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo: ina gaishe ku, kowa da matsayinsa. In na tsallake wani a yi mini afuwa. Yau ne karon farko da na tsaya gaban mutanen da suka wuce goma.

Ni 'yar ƙanen marigayiya ce. Bara na gama firamare. A ajinmu sai malami ya kira ni sau biyu kafin ya ji amsata. Ba ni na nemi tsayawa nan ba. Gwaggo ce ta ce wa Baba a gadon asibiti, "In za a yi taro a kaina, a ba yarinyar nan magana. Manya za su yi mini ƙarya, ita kuwa ba ta iya ba tukuna."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Ashe ta san abin da take faɗa.

Mutum biyar sun yi magana kafin ni. Na girmama su, iyayena ne. Amma duka biyar ɗin sun ce Gwaggo ba ta taɓa ɗaga murya ba. Haba jama'a! Wace Gwaggon? Mu da muke gida ɗaya da ita, da mutanen layinmu, har da mai shagon bakin titi, mun san muryarta tun kafin ta shawo kwana. Sannan aka kashe fitila aka nuna mana ita a allo minti ashirin, ba komai ciki sai tsawa da harara. Hoton da aka rataya a bayana ma, ku duba, hararar ce. Ƙarƙashinsa an rubuta Sista Ba-Wasa, sunan da take amsawa a shirin asibiti na ranar Laraba. A baki an mai da ita tunkiya, a allo an mai da ita zakanya. Ni dai ban ga Gwaggona a ko ɗaya ba.

Ta kasance mai faɗa, gaskiya ce, amma a kan aiki take yinsa. Kafin ta fara fitowa a matsayin nas, wata biyu ta yi tana zama a bencin wani asibiti tana kallon yadda ake riƙe allura da yadda ake ɗaura bandeji. Ran da aka kawo mata farar riga mai aljihu a dama, ta mayar. Ta ce nas ɗin da ta koya a wajenta a hagu take sa biro, kuma duk nas da ke kallo za ta gane an yi ha'inci. Darakta, kai ka ba mu labarin nan da bakinka a falonmu. Ka ce rabin yini aka ɓata saboda aljihu.

Ta kasance mai amfani ga mutanen da ba ta sani ba. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa iyaye tsawa a talabijin su kai yara rigakafi, su daina ajiye magani da zarar zazzaɓi ya sauka. Mun ji tsoronta, mun kai. Ni kaina ina da tabo a dantse saboda ita. Wata nas ta gaske ta zo gaisuwa shekaranjiya, ta ce in uwa ta yi gardama a layi, cewa kawai suke yi, "Bari mu kira Sista Ba-Wasa," sai a ga an miƙo yaro.

Ta kasance mai ɓoye ciwonta. Wannan ta hana ni faɗa, amma yanzu babu wanda zai ƙwace mata aiki. Shekara uku ke nan idonta ba ya ganin rubutu. Duk takardar wasa da kuka ba ta, ta karɓa tana juya shafi tana gyaɗa kai, ba ta ga ko harafi ɗaya ba. Gida take kawowa. In na dawo makaranta sai ta jona dutsen guga, ta shimfiɗa farar rigarta, ni kuma in zauna kan kujerar roba in karanta mata, nata layin da na kowa. Da kunne take haddacewa. In na yi ƙasa da murya sai ta buga dutsen gugar a tebur.

"Ke! Da wa kike magana, da ni ko da cinyarki?"

"Gwaggo, haka muryata take."

"Ƙarya ne. Na ji ki jiya kina kiran kyanwa tun daga ƙofar gida. Sake!"

A wajen aiki mutum ɗaya ne ya gane, mai kyamara. Bai ce mata komai ba. Sai dai alamar da ake mannawa a ƙasa don ɗan wasa ya san inda zai tsaya, tata ya riƙa yi da farin tef mai faɗi ninki uku. Ta sani, shi ma ya san ta sani, har ta bar duniya ba su yi maganar ba.

Yanzu ga abin da ya tsayar da ni.

Shekara shida da suka wuce Gwaggo ta raka Kaka asibiti a motar haya. Wata mata ta gane ta, ta tashi daga kusa da ita, ta ce, "Muguwa! Abin da kike yi wa bawan Allah mai sharar nan, Allah zai saka masa." Mai shara na cikin shirin take nufi, wanda Sista take yi wa tsawa kowane mako. Gwaggo ta dawo gida tana murna, wai aiki ya yi kyau. Kaka kuwa ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce ita ba ta haifi muguwa ba, kuma ba za ta zauna tana kallon ana koya wa duniya tsine wa 'yarta ba. Tun daga ranar, in Laraba ta yi aka kunna talabijin, sai ta ja sandarta ta koma ɗaki.

Gwaggo ta yi lallashi har ta gaji. Daga ƙarshe ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, ki ba ni zuwa kashi na ƙarshe. Na sa an rubuta mini wuri guda. Za ki gan ni ina dariya, irin wadda kika sani."

An rubuta kuwa. Ranar da Sista za ta ajiye aiki, ta shigo ta tarar da mai shara yana kwaikwayon ta gaban masu jinya, bai san tana bayansa ba. Maimakon tsawa sai dariya ta ƙwace mata, sannan ta nemi gafararsa. Minti huɗu ne.

Minti huɗun nan mako biyar muka yi a kansu. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaure fuska gaban kyamara, dariyar ta ƙi fitowa. Sai ta ce ni zan zama mai shara, in tashi in kwaikwaye ta. Ni! Na tashi, na riƙe ƙugu, na ce, "Wa ya bar bokitin nan a hanya?"

"Haka nake? Kamar akuyar da ruwa ya doka? Ɗaga gira!"

Na ɗaga.

"Ɗaya, ba biyu ba! Ke wai ba ki taɓa kallona ba ne?"

Sau arba'in da wani abu muka yi. Ran da na dace da girar, Gwaggo ta yi dariya har ta ƙona hannun rigar. Washegari ta je aka ɗauka. Tana jin ciwon a lokacin, ba ta bari an sani ba.

Larabar da ta wuce aka nuna kashi na ƙarshe. Kaka ta yi wanka, ta sa tabarau, ta fito falo da kanta, karon farko cikin shekara shida. Muka zauna har aka fara rubutun sunaye. Babu wurin. An yanke. Baba ya buga waya, aka ce masa masu kallo sun fi son Sista da zafinta, kuma lokaci bai isa ba. Lokaci bai isa ba! Yau an samu minti ashirin na harara, an samu minti goma na gabatar da manyan baƙi, wani ma sau biyu aka gabatar da shi.

Kaka ta cire tabarau ta naɗe a gefen zane. Yau da safe ta ce ba za ta zo ba, sai da na yi mata alkawari cewa za ta ga dariyar nan. Kaka, ki yi haƙuri, na yi alkawarin kafin in san yadda zan cika shi.

Baba, kawunnaina, ku yafe mini in na wuce gona da iri. Kun ce in yi godiya in sauka. Zan yi.

Darakta, ga minti huɗun nan a hannuna, cikin ɗan abin nan da ake jona wa kwamfuta. Ba zan faɗi wanda ya ba ni ba. Mai kyamara, ka daina kallon ƙasa, ai ban kira ka ba. Aikinka ne, Darakta, kuma Gwaggo ta koya mini ba a taɓa aikin mutum sai da izininsa. Ta yi maka faɗa a kan aljihu, ta yi maka faɗa a kan fitila, amma ko sau ɗaya ba ta makara ba, kuma ba ta taɓa mance layi ba, da ido ko babu ido. Abu ɗaya ta roƙa. Ba don masu kallo ba, don tsohuwar nan da ke zaune a layin gaba. In ka ce a'a, zan sa shi a jaka in sauka, ba zan ƙara magana ba.

Na ga ka gyaɗa kai. Shugaban taro, kai ma ka gani ko? To, alhamdu lillahi.

Mun gode wa duk wanda ya zo, da wanda ya aiko, da waɗanda suka yi ta jigila lokacin jinya. Matar motar haya ma, in tana ji, Gwaggo ba ta riƙe ki ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta fiye da yadda idonta ya yi duhu. Yaran da aka kai asibiti saboda tsawarta, Allah ya sa su a mizaninta. Allah ya ba Kaka haƙuri, ya ba mu baki ɗaya. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

A kashe fitilar, don Allah. Kaka, sa tabaranki.