Baba Bai Taɓa Tsallake Ɗaya Ba

Mai girma shugaban wannan taro, aminin Baba tun suna kuratan soja. Iyayenmu tsofaffin sojoji da suka cika layin gaba, waɗanda ko a kujera ba su yarda bayansu ya lanƙwashe ba. Mama, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana haƙuri da Saje, wato Baba. Maƙwabta, 'yan uwa da abokan arziki, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa ƙungiyar tsofaffin sojoji da ta ba mu wannan ɗakin taro domin mu tuna da mahaifinmu, shekara guda bayan rasuwarsa. Ina gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Wanda kuma ya ji kujerarsa ba ta girgiɗi, to ya gode wa Yayana kafinta, shi ya wuni jiya yana gyara ƙafafunsu.

Abu uku zan faɗa. Ni malamar makaranta ce, in aka ba ni dama sai an kaɗa ƙararrawa, amma yau zan taƙaita.

Na farko, ƙidayar Baba. Mu huɗu ya haifa, kuma duk da sunayen da ya raɗa mana da kansa, da lamba yake kiranmu. Kowace safiya sai ya tsaya a bakin ƙofar falo, hannu a baya, ya ce, “Ɗaya!” Yaya ya ce, “Ga ni nan!” Ya ce, “Biyu!” Ni ke nan. Haka har zuwa kan Auta. Sai ya ce, “An cika,” sannan kowa ya taɓa kofin shayinsa. Doka ɗaya ce: ba mai amsa wa wani. Ko kana ganin ɗan uwanka yana wanke fuska a bayan gida, ba ka da ikon cewa yana nan, sai ya zo ya faɗa da bakinsa.

Muna yara mun ɗauka tsabar takura ce. Sai da muka girma Mama ta ba mu labarin asalin abin. Wata rana a fagen daga, ana ruwan sama, Baba ya ƙirga mutanensa kafin su tashi. Wani soja ya amsa wa abokinsa, a zatonsa ya ɗan zaga ne zai dawo. Sun yi tafiya mai nisa kafin a gane mutum ɗaya ba ya cikinsu. Baba ya koma da ƙafa, ya same shi kwance da rauni a cinya, ya goyo shi har sansani. Ranka ya daɗe shugaban taro, ka yafe mini na tona, amma sandar da ke hannunka ta riga ni ba da labarin.

Na biyu, laifina. Zan faɗe shi a gaban jama'a, domin a gaban jama'a na yi shi. Yaya ya shiga horon soja, bayan wata uku ya dawo gida ya ce zuciyarsa ba ta can, katako yake so. Washegari ma Baba da kansa ya sayo masa zarto. Ni ce dai, da rawar kaina, ranar da falo ya cika da baƙi na ce, “Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma wani ɗan kam, gudu ya gada, ban san daga wa ba.” Aka yi dariya. Yaya ya ajiye kofinsa ya fita.

Magana zarar bunu ce. Shekara goma sha ɗaya ba mu haɗa ido ba. Yana zuwa gaida iyayenmu, amma in ya hangi takalmina a bakin ƙofa sai ya juya. Ni kuma girman kai ya hana ni bin sa. Duk ranar da muka taru a gida, Baba zai tsaya a wurin nan nasa ya ce, “Ɗaya!” Sai ya yi ta jira, shayi yana hucewa, ni kuwa kaina a ƙasa. Sai can ya ce, “Biyu.” Bai taɓa tsallake Ɗaya ba, bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma a shekarun nan duka ban ƙara jin ya ce an cika ba.

Na uku, safiyar asibiti. Jiki ya yi nauyi, mu uku muna tsaye a gefen gadonsa. Ya buɗe ido ya ce, “Ɗaya.” Muka jira. Shirun ya yi tsawo har na kasa daurewa, na ce, “Baba, ga Biyu nan.” Ya dube ni ya ce, “Ban kira ki ba tukuna. Ni ba na tashi ƙidaya ba ta cika ba.”

Jama'a, ban san lokacin da na fita ba. Na sami Yaya a shagonsa, fensir a bayan kunne, yana auna ƙyauren ƙofa. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu ya bar ni. Na durƙusa cikin garin katako na ce, “Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini. Baba ya kira Ɗaya ya tsaya.” Ya dube ni ya ce, “Shekara goma sha ɗaya kina haɗa wannan 'yar jimlar, kuma wai ke ce malama? Tashi mu je.”

Da muka isa, muryar Baba ta yi ƙasa sosai. Baba ya ɗaga yatsa ɗaya a kan bargo. Yaya ya ce, “Ga ni nan, Baba.” Baba ya ɗaga biyu, na amsa ina kuka. Uku ta amsa, Auta ya amsa. Sai muka ga leɓensa ya motsa, Mama ta sunkuya ta saurara, ta ɗago ta ce mana, “Ya ce an cika.” Bayan kwana biyu Allah Ya karɓi abinsa.

Ina ƙaunar mahaifina, ina kewarsa, kuma ina jin kunyar shekarun da na sa shi jira. Don haka nake roƙonku, duk wanda ke da ɗan uwan da ba ya amsawa a gidansu, kada ya amsa masa, kada kuma ya tsallake shi. Ya taka ya je ya ɗauko shi, tun mai kiran yana da rai.

Yanzu, da izinin shugaba, zan yi abin da Baba zai yi da yana nan. Ɗaya!

Kun dai ji shi da kunnenku. To Yaya, Biyu ba ta kiran kanta, sai ka taimaka mini.

Ga ni nan, Yaya. Ga ni nan.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan abokansa da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya da haƙuri, Ya ba iyayenmu da ke nan tsawon rai mai albarka. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa in an ƙirga a samu an cika.

Na gode.