Zan Je Albany Saboda Bas Ɗinmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rabi daga unguwar Mount Hope a nan Amurka, aikina kula da tsofaffi a gidajensu.

Kwanan baya ɗan majalisar jiha ya zo unguwarmu tattauna kasafin sufuri. Wani mutum ya miƙe ya ce ɗawainiyar baƙi ce ta cinye kuɗin bas. Na tashi na ce, "Yallaɓai, ni ma baƙuwa ce. Duk ranar da bas ta makara, tsohuwar da nake kula da ita ba ta shan maganinta kan lokaci."

Ɗan majalisar ya gayyace ni Albany, babban birnin jiharmu, in maimaita wannan magana gaban kwamitin majalisa. Zan je, Turancina ya isa. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa, ya ba ni shawara. Ina gaida matan unguwar Morrisania, ku zo mu cika mota.